Rini, Ɗinkin Lifidi da Jeren Duwatsu: Daga Sana'ar Gado Zuwa Aikin Sha'awa

1.0 Gabatarwa

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Japan akwai mutane masu yawa, galibinsu mata, waɗanda in sun taso daga wurin aiki, ko kuwa in sun yi ritaya, sukan zauna su rina yadi a cikin bokiti, ko su harhaɗa ƙyallaye su ɗinka bargo mai ciko, ko su jera duwatsun ado a zare. Ba neman abinci ke sa su ba, daɗin aikin ne kawai. Wannan ɗabi'a ta shigo biranenmu ta hanyar makarantun koya wa mata sana'a, da littattafai, da hotunan bidiyo na intanet. Saboda ta wannan ƙofa ta shigo, da yawa daga cikin masu koyo sun ɗauka baƙin ayyuka ne, har suna kiransu da sunayen da suka ji a bakin Turawa.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ayyukan nan uku, watau rini da ɗinki mai ciko da jeren duwatsu, sun daɗe a ƙasar Hausa, kowane da masu shi da kayan aikinsa da kalmominsa. Sa'an nan za ta duba abin da ke samun waɗannan kalmomi idan aiki ya bar hannun magada ya koma hannun masu sha'awa. Rini zai fi samun fili, domin shi ya fi sauran tarihi da yawan kalmomi.

2.0 Sana'a da Aikin Sha'awa

Kalmar sana'a ararriya ce daga Larabci, kuma a wurin Bahaushe tana nufin aikin da mutum ya dogara da shi wajen cin abinci. Sana'o'in gargajiya galibi gadonsu ake yi. Masu sana'a ɗaya sukan zauna unguwa ɗaya, shi ya sa ake samun unguwar Marina a Sakkwato, da Soron Ɗinki da Dukawa a birnin Kano, da garin Karofi kusa da Dutsin-Ma. Suna kuma da shugaba wanda sarki ya sani, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Marina. Yaro yakan fara da aike da ɗebo ruwa da kallon manya, kafin a bar shi ya sa hannu. A wannan zama ne kunnensa ke ɗaukar sunan kowane abu a daidai lokacin da hannunsa ke koyon riƙe shi.

Hausa ba ta da kalma guda da ke nufin aikin hannu wanda ake yi don nishaɗi kurum. Ko ayyukan mata na cikin gida, irin su kaɗi da saƙar faifai da ɗinkin hula, a ƙarshe kasuwa suke zuwa. Don haka a nan za mu kira shi aikin sha'awa. Ya bambanta da sana'ar gado ta fuska uku. Na farko, malamin mai sha'awa littafi ne ko bidiyo ko wani ɗan gajeren kwas. Na biyu, kayan aikinsa na kanti ne, an riga an sarrafa su. Na uku, in ya ga dama ya sayar, in ya ga dama ya yi kyauta ko ya ajiye. Mai karatu zai ga yadda waɗannan bambance-bambance suke taɓa harshe.

3.0 Rini

3.1 Taƙaitaccen Tarihi

Masu marinar Ƙofar Mata a Kano suna cewa an kafa ta a shekarar 1498, watau ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Amma ƙarni na 19 ne rini ya kai ganiyarsa. Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ambaci shaharar garin wajen rini. Barth kuwa, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ga tufafin Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu. Ya ƙiyasta cewa abin da ake kaiwa Tambutu kaɗai a shekara ya kai kayan raƙumi 300, kuɗinsu wuri miliyan 60.

Philip Shea, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975 a kan wannan ciniki. Ya nuna cewa ɗaya daga cikin abubuwan da suka ɗaukaka rinin Kano shi ne barin manyan tukwane da aka yi, aka koma ga ramuka masu zurfi waɗanda ake shafe su da laso. Rami ya fi tukunya ɗaukar ruwa da kaya, ya fi ta ƙarko, don haka kuɗin rina kowane zane ya ragu. Aikin bai tsaya a birni ba. Garuruwa irin su Kura da Dal da Zarewa sun yi suna, har Kura ta ba da sunanta ga rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura. A can ne kuma ake rina turkuɗi, wanda ake saƙa shi siriri ƙwarai, a harhaɗa, a kai wa Abzinawa su yi amawali da lulluɓi.

Koma-bayan sana'ar ya zo ne ta hanyoyi da dama. Wani Bajamushe mai suna Adolf von Baeyer ya haɗa shuni a ɗakin gwaji tsakanin 1878 da 1880, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da shi a 1897. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya sauƙaƙa shigowar yadin Turai. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna, daga baya kuma atamfa mai araha daga Sin ta cika kasuwar Kantin Kwari. Yau ramuka da yawa sun cike da ƙasa, ko da yake ana nan ana aiki a Ƙofar Mata da Kura.

3.2 Yadda Ake Rinin Karofi

Tushen rinin gargajiya shi ne baba, wani ɗan tsiro mai ƙananan ganye da ake nomawa. Akwai kuma talaki, wanda ya fi yawa a kudu, shi ne Yarbawa suka fi amfani da shi. In baba ya isa, sai a yanke shi, a daddatsa, a bar shi ya ruɓa, a cuccura, a shanya. A haka ake ajiye shi ko a kai shi kasuwa.

Ramin rini yakan ninka tsayin mutum a zurfi, bakinsa kuwa ba shi da faɗi sosai. Laso da ake shafe shi da shi haɗi ne na ƙonannen katsi da gashin jima da ruwan dafara. A nan akwai abin lura: katsi shi ne laka da ke kwantawa a gindin rami bayan an gama rini, gashin kuwa sharar majema ce. Ashe ke nan sharar wata sana'a ita ce jarin wata.

In za a haɗa rami, sai a cika shi da ruwa, a zuba toka da ƙonannen katsi da busasshen baba, a rufe. Bayan 'yan kwanaki sai a shiga motsa shi da muciya safe da yamma. Yakan ɗauki mako guda ko fiye kafin ya nuna, gwargwadon zafin gari. Marini yana gane nunar ruwa ta wari, da kumfa mai duhu da ke tasowa, da ƙyallin da ke kwantawa a sama. Sa'an nan sai ya jiƙa zane da ruwa, ya tsoma a rami, ya juya shi da hannu, ya ɗago. Zanen yakan fito da launi tsanwa-tsanwa, amma kafin a jima, a gaban idon mai kallo, sai ya koma shuɗi. Haka za a yi ta tsomawa ana ɗagowa. Tsomi kaɗan shi ke ba da shuɗi mai haske, tsomi da yawa kuwa shi ke kai zane ga duhun da Bahaushe ke kira baƙi.

Ilmin kimiyya ya bayyana dalilin wannan sauyi. A cikin ɗanyen ganyen baba babu shuɗi a fili, sai wani sinadari marar launi da masana ke kira indikan. In ganye ya jiƙa ya ruɓa, sinadarin yakan warware, ya haɗu da iska, ya zama shuni. To, shuni ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai iya ratsa zare ba. Aikin rami shi ne ya narkar da shi. Toka tana sa ruwa ya yi kaifi, wasu ƙananan halittu kuma da ido ba ya gani suna rayuwa a ciki, suna cinye iskar oksijin, suna juya shuni zuwa wata siffa mai narkewa wadda launinta ke tsakanin rawaya da tsanwa. A wannan siffa yake shiga cikin zare. Da zarar an ɗago zane iska ta buge shi, sai shunin ya koma yadda yake, ya maƙale a ciki. Wannan ne ya sa ake cewa rami yana mutuwa: in halittun nan suka gaza, ko shuni ya ƙare, ruwa ba ya kama zane kuma, sai a kwashe a sake sabon haɗi.

Bayan rini sai bugu. A mabuga ake ɗora zane a kan gungume, a yayyafa ruwa, mabuga su yi ta dukansa da manyan sanduna masu nauyi har ya kwanta ya yi santsi. In turkuɗi ne ko kore ko ɗan Kura, sai a barbaɗa garin shuni a buga shi ciki har ya riƙa walƙiya. Wannan shuni yana zuba a jikin mai sanye da tufar, kuma masu saye ba su ɗauke shi aibi ba, ado ne.

Shuɗi ba shi kaɗai ne launin gargajiya ba. Ana samun ja daga karan dafi, rawaya daga saiwar rawaya da gangamau, baƙi kuma daga kuloko. Dukawa da majema su suka fi amfani da waɗannan wajen rina fata.

3.3 Rinin Gida na Zamani

Mai sha'awa ba ya bukatar rami. Abin da yake nema shi ne galura ta kanti, da kostik soda, da wani gari mai wari da ake kira haidurosalfait, da ruwan zafi, da bokitin roba, da safar hannu. Soda ita ke yin aikin toka, garin nan mai wari kuma shi ke yin aikin ƙananan halittun rami. Abin da marini ke jira mako guda, mai sha'awa yana samunsa cikin mintoci. Sai dai soda tana ƙona fata, tururin haɗin kuma yana cutar da ƙirji, don haka a fili ake yin aikin, nesa da yara da kwanonin abinci.

Ado a jikin zane yana samuwa ne ta hana ruwan rini isa wasu wurare. Ana ƙunshe tsakuwa ko ƙwayar hatsi a ɗaure da zare, in an kwance sai a ga zobe fari. Ana yin ɗinki a ja zaren ya tattare, ana ninke yadi a ɗaure shi tamau, ana kuma ɗiga narkakken kyandir. Yarbawan Abekuta da Ibadan suna shafa kullun rogo a kan adire. Ɗauri ba sabon abu ba ne a Kano, domin mata ne ke yinsa a cikin gida, su aika wa maza a marina. A ƙasar Yarbawa kuwa mata ne ke rinin da kansu, a cikin tukwane.

3.4 Rini a Bakin Bahaushe

Daga aikatau rina ake samun rine da rino da rinu, da sunan aiki rini, da siffa rinanne, rinanniya, rinannu. Ɗafa-goshin ma- kuma yana ba da suna iri biyu waɗanda rubutunmu na yau da kullum ba ya bambantawa. Marina mai karin sauti sama-sama-sama wuri ne, jam'insa marinai. Marina mai karin sama-ƙasa-sama kuwa mutane ne, tilonsu marini. Haka abin yake ga mabuga, wurin bugu, da mabuga, masu bugu. Ga kaɗan daga cikin kalmomin sana'ar:

karofi: wurin da ramukan rini suke, marina
baba: tsiron da ake samun shuni daga gare shi
shuni: tataccen launin baba
katsi: lakar gindin rami
laso: simintin gargajiya na shafe rami da soro
muciya: sandar motsa ruwan rini
turkuɗi: rinannen zane mai ƙyalli, na siririyar saƙa
kore: baƙar riga da ta sha shuni da bugu
saƙi: saƙar zare shuɗi da fari
bunu: baƙin zane na saƙar hannu

Wasu kalmomin sun fita daga marina sun shiga maganar yau da kullum. Ana kiran mawadata masu hannu da shuni, domin a dā sai mai hali ke sa kore da ɗan Kura har shuni ya ɓata masa hannu. In mutum ya fusata akan ce idanunsa sun rine. In abin da ake zato ya auku akan ce, a rina, an saci zanen mahaukaciya, domin ɓarawon zane yakan kai shi marina don ya sauya masa kama. Amma rina ta cikin karin maganar nan, da sauran rina a kaba, ƙwaro ce mai harbi, ba ta da dangantaka da rini. Yaron da bai taɓa ganin shuni ba zai iya furta waɗannan maganganu daidai, amma hoton da ke bayansu ya ɓace masa.

4.0 Ɗinkin Lifidi

Bargon da Turawa ke kira kwilt hawa uku gare shi: fuska, wadda galibi ƙyallaye ne masu launi daban-daban da aka harhaɗa, da ciko na auduga a tsakiya, da shafi a baya. Sai a bi su da ɗinki layi-layi wanda ya ratsa duka ukun, don kada ciko ya gangara gefe guda. Talauci da sanyi su suka haifi wannan aiki a wurare da yawa. Matan Bengal suna ninka tsofaffin zannuwansu su ɗinke, suna kiransa kanta. A Amurka, baƙaƙen matan wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, jikokin bayi, sun daɗe suna harhaɗa tsofaffin tufafin gona su yi barguna. A 2002 aka baje aikinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, duniya ta san su.

A ƙasar Hausa sanyi ba ya daɗewa, gwado da luru sun wadatar. Abin da ya kawo ɗinki mai ciko shi ne yaƙi. Lifidi riga ce ta doki da mahayinsa, ana yinta da yadi hawa biyu, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki kusa da kusa. Fuskarsa akan harhaɗa ta da yanka-yankan yadi ja da fari da shuɗi da rawaya, sau da yawa masu kusurwa uku. In aka kwatanta shi da bargon Alabama za a ga dabarar ɗaya ce, bukata ce ta bambanta. Kalmar kanta daga Larabci take, daga libd, watau abin da aka danƙare na gashi ko ulu wanda ake shimfiɗawa a bayan doki.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi bai tsaya a ƙasar Hausa ba, an san shi a Borno da Bagarmi da ƙasar Zabarma. A littafin tafiyar Denham da Clapperton na 1826 akwai zanen wani barden Bagarmi, shi da dokinsa duk a cikin lifidi. Amfaninsa shi ne kibiya mai dafi takan nutse a cikin auduga ba ta kai ga fata ba. Aibinsa kuwa nauyi da zafi, ga tsoron wuta, shi ya sa abokan gaba kan harba kibiya mai wuta. Doki mai lifidi ba ya gudu sosai, in mahayi ya faɗi kuma da ƙyar yake tashi shi kaɗai. Bindigogin Turawa a yaƙin Kano da Sakkwato na 1903 su suka kawo ƙarshen amfaninsa a fagen fama.

Abin da ya raya shi har yau shi ne hawan salla, inda 'yan lifida ke fitowa cikin ayarin sarki a Kano da Katsina da Zazzau. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Masu ɗinka lifidi kuwa 'yan kaɗan ne, domin mai sayensa fada ce kawai. Yarinyar da ke tara ƙyallayen tela tana ɗinka shimfiɗar jariri mai ciko, aikin masu lifidi take yi, ko da ba a taɓa gaya mata ba. Kalmomin da take bukata suna nan: ƙyalle, maho, ciko, shafi, kalmasa, basilla, abawa.

5.0 Jeren Duwatsu

Kalmar dutse misali ce mai kyau ta faɗaɗar ma'ana. Asalin abin wuya na dutse ne na gaske wanda aka fere aka huda. Da na gilashi suka zo, daga baya na roba, sunan bai sauya ba, har yau duwatsun wuya ake cewa. Akwai kuma tsakiya, wadda karin sauti ya bambanta ta da tsakiyar da ke nufin cibiyar abu, da murjani, da jigida, da ƙarau.

Yawancin duwatsun nan fatauci ne ya kawo su, 'yan koli kuma suka yaɗa su ƙauye-ƙauye. Murjani daga tekun Bahar Rum yake, ta hamada ya riƙa zuwa. Na gilashi masu zane daga Banis ta Italiya suke, wasu kuma daga Bohimiya, wadda yau take cikin Jamhuriyar Cek. A kusa da mu, Masaga na Bida suna narka gilashi su yi ƙarau da duwatsu, a dā da gilashin da suke haɗawa da kansu, daga baya da fasassun kwalabe. A Ilori kuma akwai masu fere jan dutsen nan da ake kira lantana, wanda fataken Hausawa ne ke kawo musu ɗanyensa daga yankin kogin Kwara na ƙasar Nijar ta yau.

Abin da ke hannun matan Hausawa shi ne jeri, watau zaɓen duwatsu da daidaita launi da girma da zura su a zare. Jigida ta dā ana yinta ne da ɓawon ƙwarar kwakwa, a fere shi fale-fale kamar ƙananan kuɗi, a huda, a jera. Daga baya ta roba ta maye gurbinta. Ana ɗaura wa jaririya, uwa kuma takan gane ƙibar 'yarta ko ramarta daga yadda jigida ta kama ƙugu. Tana kuma cikin kayan adon amarya. Kalmar ta yi tafiya har ƙasar Ibo, ta fito a littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart. Maza ma suna da nasu jerin, shi ne carbi, mai ƙwaya 33 ko 99 ko 100, wanda ake sa masa alama a tsakani don sauƙin ƙirga.

A yau 'yan mata da yawa suna koyon jera ƙananan duwatsun kanti a zaren roba, suna yin sarƙa da 'yan kunne da jaka. Aikin yana da kyau, wasu ma ya zame musu abin dogaro. Sai dai in ka saurari hirarsu, bid za ka ji ana cewa, sunayen launi da na salon jeri duk na Turanci ne.

6.0 Abin da ke Salwanta

In muka haɗa ayyukan nan uku za mu ga hanyarsu ɗaya. Dabarar ba ta mutu ba: ana rini, ana ɗinki mai ciko, ana jera duwatsu, wataƙila ma hannuwan da ke yi sun fi na dā yawa. Abin da ke salwanta shi ne kalmomi, kuma dalilin a bayyane yake. Kalma tana rayuwa ne tare da abin da take suna. Wanda ya sayi galura a takarda ba shi da hujjar sanin katsi, wanda bai haƙa rami ba kuma ba ruwansa da laso. Har ila yau, tun da da Turanci aka koya masa, ko abin da Hausa take da sunansa da baƙon suna zai kira shi.

Ba a cewa aro laifi ne. Sana'a da lifidi da murjani duk ararru ne, sun zauna sun zama namu, haka kamfala da galura suka samu gindin zama a kasuwa. Hausa takan ari suna ne in sabon abu ya zo. Asara ita ce a ari suna alhali na gida yana nan, don kawai mai koyo bai taɓa jinsa ba. Kalmomin sana'a kuwa ba sunaye ne kurum ba, ilmi ne a dunƙule. Wanda ya ce ruwa ya nuna, ko rami ya mutu, ya faɗi abin da masanin kimiyya zai cika shafi yana bayani.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa rini da ɗinki mai ciko da jeren duwatsu suna da tsohon tushe a ƙasar Hausa, kuma komawarsu aikin sha'awa ta raya dabarun amma ta bar kalmomin a baya. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana da yawa daga cikinsu, sai dai kalmar da ke kwance a ƙamus ba ta yi wa mai bokiti da galura amfanin komai ba.

Saboda haka akwai aiki a gaban ɗaliban wannan sashe. Ya kamata masu neman batun kundin kammala digiri su nufi Ƙofar Mata da Kura, da gidajen masu ɗinka kayan doki, da rumfunan 'yan koli, su naɗi maganar dattawan sana'a tun suna raye. A rubuta kowace kalma da karin sautinta da tsawon wasalinta da garin da aka ji ta, domin abin da Bakano ke kira da wani suna, mai yiwuwa Basakkwace ko Badamagare yana da nasa. Daga nan sai a fitar da ƙananan littattafan koyarwa cikin Hausa, masu hotuna, a kai su makarantun koyon sana'a, inda masu sha'awa suke. Su ne magadan da suka rage wa waɗannan ayyuka, ya kuwa kamata a miƙa musu gadon da sunayensa. Allah ya sa mu dace.